JERIN MAGUNGUNAN ASIBITI GARKUWAR TALAKA NE

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Gwiwa, ko aka tura shi Babban Asibitin Kazaure, ya san wannan ƙorafi: wai likita bai yi allura ba, ƙwayoyi kala biyu kacal ya rubuta, saboda haka bai san aiki ba. Daga nan sai ɗan uwa ya zarce kemis a yi masa haɗi, ko ya sayi ja-da-yalo wajen mai faranti a kasuwa, maganin da ya wuni yana shan rana. To wa aka cuta?

Ya kamata 'yan uwa matasa su san cewa likita ba da ka yake rubuta magani ba. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna, kuma a 1989, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka kafa dokar soja mai lamba 43 wadda ta ba Nijeriya nata kundin. Kundin yana fayyace wane magani ne na wace cuta, nawa za a ba babba, nawa za a ba yaro, da wanda aka hana mai ciki. Ana zaɓen magani ne don ingancinsa da sauƙin kuɗinsa, da sunansa na asali, don kada kamfani ya tatse talaka da ƙyalƙyalin kwali.

Abin da sakaci ke haifarwa kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 1990 ruwan farasitamol mai guba ya hallaka yara fiye da 100 a Jos da Ibadan. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya sake kashe yara fiye da 80. Sai da kodin ya gama lalata ɗimbin samarin Arewa kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da ido. Kulorakwin ya daɗe yana maganin zazzaɓin cizon sauro, amma cutar ta daina jin sa, har aka maye gurbinsa da magungunan ACT. Haka ja-da-yalo da 'yan uwansa za su ƙare muddin ana shan biyu yau a watsar gobe. Ranar da mahaifiya ta kwanta ciwo mai tsanani, sai a tarar maganin ya zama hoto.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Jihar Jigawa na da hukuma mai samar wa asibitoci magani, don haka haƙƙin talaka ne ya sami abin da ke cikin jerin a kantin asibiti. Rubuta takarda a ce "je ka waje ka saya" shi ke jefa mutane hannun 'yan kasuwa.

Matasa su ne masu ɗaukar iyaye da ƙanne a babur zuwa asibiti, su ne masu karanta takardar likita. Wajibinsu ne su nemi a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓi, su tambayi sunan magani da yadda ake shan sa, su duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, su tsaya sai mara lafiya ya shanye adadin da aka rubuta. Wanda kuwa ya tilasta wa malamin asibiti yin allurar da ba a bukata, ya sani lafiyar ɗan uwansa amana ce a wuyansa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.