Zubewar Gashi Bayan Annoba Ba Jifa Ba Ne

 

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW), 'yarta amarya ta yi ƙyanda har gashinta ya kakkaɓe, tana neman izinin yi mata ƙari. Bai ba ta izini ba. Mu malamai hukuncin ƙarin gashi muka fi cirowa daga hadisin, amma ku lura: matar nan ta san ƙyanda ce sila. Ba ta ambaci aljani ba, ba ta zargi kowa ba.

Mu kuwa a Kwatarkwashi, da an ga fili a kan yarinya, sumul, da'ira kamar kwabo, sai ka ji an ce jifa ne. Kishiyar uwarta ta shiga uku. Wannan mummunan zato ne, kuma yana raba gida.

Likitoci sun rarrabe iri biyu. Akwai zubewar da ke biyo bayan zazzaɓi mai zafi da wata biyu ko uku, ko'ina a kai, kuma galibi gashin yakan dawo da kansa. Akwai kuma wadda suke kira alofeshiya ariyata, inda garkuwar jiki, wadda Allah ya halitta don yaƙar cuta, take juyowa kan tushen gashin mai ita. Annobar korona ta 2020 ta jawo hankali kan wannan. Wani babban bincike daga Koriya ta Kudu, wanda aka wallafa a 2024, ya samu cewa ta fi bayyana ga waɗanda suka yi korona fiye da waɗanda ba su yi ba. Ana ganin bairas kan tayar da garkuwar ne, ta kasa kwantawa.

Ba makero ba ce. Makero yana ƙaiƙayi da ɓawo, ana ɗauka. Wannan ba a ɗaukarta. Kafin a shafa mata toka ko tafarnuwa har fata ta ƙone, a daure a kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ana addu'a ana neman magani.

Ga 'yan uwana malaman Islamiyya kuma: yaron da ya cire hula kuka ga fili a kansa, ku tambaye shi tukuna kafin bulala. Mai yiwuwa ba askin ƙaza'u da aka hana ya yi ba.