Darasin Ingilishi da ran samari bisa hanyar Madarumfa

Duk wanda ya tsaya da hantsi bakin hanyar da ta haɗa Maraɗi da Madarumfa, ko babbar kwaltar da ta nufi Ɗan Isa, zai ga abin da ya isa ya tada hankalin kowane uba. Samari ne bisa moto, waɗansu ko gemu ba su tsiro ba. Wani ya ɗauko buhunan zogale daga garakar Jiratawa, wani kifin tafki, wani kuma mata biyu da goyo za su likita. Da yawa daga cikinsu hannu guda ne ke riƙe da kan moto, guda kuwa yana riƙe da salula. Akwai mai maƙale ta tsakanin kunne da hula, akwai mai toshe kunnuwa biyu da igiyar sauraro, har kamyo ya yi ta oda bayansa bai ji ba.

Mutane sun saba cewa wannan aikin jandarma ne. Gaskiya ne, amma jandarma ba ya iya tsayawa kowace kwana tun daga Safo har Gabi, kuma yaron da ya aje salula don ya hango kaki zai sake ɗaukar ta da zarar ya wuce. Akwai wani ma'aikaci da ke zama da waɗannan samari awa da awa kowane mako, wanda ba a cika tunawa da shi ba cikin wannan magana, shi ne mushen da ke koyar da Ingilishi a kwaleji.

Kafin a zo kansa, ya kamata mai karatu ya san girman al'amarin. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, cikin rahoton da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar hatsarin hanya. Ta ce tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe mutane. In aka gwada da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce a gaba wajen asarar rayuka, alhali ita ce ke da ƙarancin motoci. Ƙungiyar ta kuma nuna mai tuƙi yana amfani da salula ya fi wanda ba ya amfani da ita shiga hatsari wajen sau 4.

Dalilin haka ba boyayye ba ne, duk wanda ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci yana iya fitar da shi da kansa. Moton da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 1000 cikin minti guda. Ke nan in yaro ya sunkuya yana duban salula daƙiƙa 5, ya ci wajen mita 83 ba tare da ya ga hanya ba. Ko a gudun kilomita 40 yake, ya ci mita 55. Cikin wannan tazara amalanken shanu na iya fitowa daga gona, akuya na iya ƙetarewa, yarinya mai talla na iya gudo wa mota. Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne, wanda karatunsa bai nuna ba ya fi daɗewa bisa saƙo. Abin da gwani zai karanta cikin ƙiftawar ido, shi sai ya bi shi harafi-harafi, balle in saƙon da Faransanci ko Ingilishi aka rubuto shi. Daƙiƙa 5 sai ta koma 10, mita 83 ta koma 167.

To, mene ne haɗin wannan da darasin Ingilishi? A Nijar yaro yana fara wannan harshe tun ajin farko na kwaleji, yana ci gaba da shi har jarrabawar birebe. Shekarun nan huɗu su ne daidai lokacin da yake satar makullin moton babansa ko na wansa ya zagaya bayan gari, ya dawo ya aje kamar ba a taɓa ba. A aji ana ba shi ɗan labari ya karanta, a yi masa tambayoyi, a ciro nahawu daga ciki. Tun da dole ne a karanta wani abu, ba laifi ba ne a tambaya me ya sa abin karantawar ba zai zama hanyar da yaron ke bi kowace safiya ba.

Ga mutanen Madarumfa, Ingilishi ba harshen nesa ba ne. Daga Ɗan Isa sai Jibiya, daga Jibiya sai Katsina, kuma tun kakanni ƙasar nan da waccan kasuwa guda suke ci, aure guda suke yi. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama kamar Nijar, saboda haka direba ba ya sauya hannu in ya ƙetare iyaka. Abin da ke sauyawa shi ne harshen allunan hanya da na takardu. Ma'aikatan hukumar kiyaye haɗurra ta can, wadda aka kafa a 1988, da Ingilishi suke rubuta takardar laifi, ko da da Hausa suka yi wa mutum magana. Bugu da ƙari, kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar cikin watan Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa mushen Ingilishi daraja, ya kuma ƙara masa nauyi.

Malamai sun sani nahawun da ake koyarwa a waɗannan azuzuwa, kusan dukansa yana nan cikin maganar hanya. Allon hanya da harshen umurni yake magana. Bahaushe yana bambanta wanda yake umurta, ya ce tsaya, ko ki tsaya, ko ku tsaya, amma Ingilishi kalmar aiki tsura yake kawowa, stop, ko slow down, ko mutum guda ne ko jama'a. Hani kuwa, inda Hausa ke cewa kada, Ingilishi yana sa do not gaban kalmar aiki. Yaron da ya rubuta jimla goma irin waɗannan bisa abin da ɗan kabu-kabu zai yi da wanda zai bari, ya koyi darasin, kuma hannunsa ya rubuta abin da zai tuna.

Akwai wuri guda da ɗalibai ke yawan tuntuɓe, wanda kuma ya fi kowane nuna amfanin wannan hanya. Ingilishi yana da must, wato dole. In aka ce wa mutum must not, an hana shi ke nan, hani mai ƙarfi. In kuwa aka ce do not have to, ba a hana shi ba, an dai ce ba dole ba ne. Yara suna ganin alamar korewa a duka biyun sai su ɗauka abu guda ne. Muddin misalin da ke kan allo na cin tuffa ne ko na zuwa silima, kuskuren maki ɗaya ko biyu zai ci. In misalin ya zamo amsa kira bisa moto, kowane yaro a ajin zai ga da idonsa cewa an hana ka ɗauka daban, ba dole ne ka ɗauka ba daban, kuma ya ga dukansu biyu gaskiya ne: doka ta hankali ta hana, shi kuma mai kira ba zai mutu ba don ya jira minti biyu. Haka nan jimlar sharaɗi mai farawa da if, wadda take daidai da in ta Hausa. In ka duba salula, ba za ka ga amalanke ba. Da bai duba ba, da bai faɗi ba. Jimla ta biyu ita ce ta nadama, kuma nahawunta ya fi wuya.

Waɗansu malamai za su ce tsarin karatu daga Yamai yake zuwa, ba su da ikon taɓa shi, ga kuma jarrabawa na jiran yara. Maganarsu tana da kan gado, sai dai ba wanda ya nemi a cire komi daga tsarin. Abin da tsari ya ce a koyar, shi za a koyar. Misalan da mushe ke rubutawa bisa allo, da ɗan labarin da yake bayarwa a yi aikin gida, waɗannan tun asali a hannunsa suke. Inda littattafai ba su isa kowa ba, dama shi ke rubuta labarin da alli yara su kwafa. Masu duba aikin malamai na gunduma suna iya tara su ran taron ƙara wa juna sani, kowa ya kawo labari guda mai layi goma sha biyar, a gyara, a raba. Takarda da alli kawai abin zai ci.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Masu ita suna cewa akasarin ƴan kabu-kabu ba su kai kwaleji ba, ko sun bar ta da wuri, kuma maganar rai da mutuwa da harshen uwa ake yin ta. Wannan gaskiya ce wadda ba ta da makawa, kuma duk wanda ya ce Ingilishi kaɗai zai magance matsalar ya yaudari kansa. Hausa ce kan gaba. Azuzuwan yaƙi da jahilci, waɗanda gwamnati ta soma tun 1963, an gina su bisa wannan aƙida: manomi ya koyi karatu da maganar gyaɗa da sikeli da kuɗin kwafaratif, abin da ya dame shi. Abin da ya dami saurayin yau shi ne moto da salula, saboda haka su ya kamata su shiga allon ajin dare. An ma riga an gwada: a 2009 da 2010, cikin garuruwan jihohin Doso da Damagaram, wani shiri mai suna ABC ya haɗa koyon aiki da salula cikin darussan manya, kuma masu binciken da suka bi shi, ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka, sun tarar waɗanda suka koya da salula sun fi sauran maki wajen rubutu da lissafi. Na'urar da ke taimakon mutum ya riƙe karatunsa a gida ita ce ke jefa shi rami bisa hanya. Malamin da ya koya masa rubuta saƙo shi ya fi dacewa ya gaya masa inda ba a rubutawa.

Ɗan kwaleji kuma ba a tsibiri yake zaune ba. Da yamma fada guda suke shan shayi da ɗan kabu-kabu, sau da yawa ma shi ne ɗan kabu-kabun ran Asabar da lokacin hutu. Abin da ya karanta da Ingilishi da safe, in mushe ya sa shi ya juya shi da Hausa a matsayin aikin gida, da dare ya isa fada. Zamanin Samariya, sarkin samari ke isar da irin wannan saƙo da ganga da maroƙi. Yau fadoji ne suka gaji wannan wuri, ko da yake ba su da sarki.

Akwai laifin da ba na yara ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi ko da zai yi ɗaci. Wane ne ke kiran yaron nan yana bisa hanya? Sau da yawa uban da ya aike shi ne, yana son ya ji ko ya isa, ko mai moton da ke jiran kuɗin yini, ko fasinja mai gaggawa. In bai ɗauka ba, ya dawo gida ya tarar da faɗa: don me na kira ka ba ka amsa ba? A ƙasar da ake raina yaron da bai amsa kiran babba ba, saurayi zai zaɓi ya ɗauka da hannu guda da a ce ba shi da ladabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma nan mai tanƙwarawar ma yana bukatar gyara. Uba ya gaya wa ɗansa da bakinsa cewa in yana tuƙi ya bar ta ta yi ta kuka, ya samu gefen hanya ya tsaya sannan ya kira. Haka nan uban da ya miƙa makulli ga yaro ɗan shekara 13, alhali ko farmin mota sai mai shekara 18 ake ba, ba shi da bakin zargin kowa. Ita ma hular kwano, wadda Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6 in an ɗaura ta daidai, kuɗinta bai kai na salular da ke aljihun yaron ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta aje shekarun 2021 zuwa 2030 don a rage mutuwar hanya da rabi, kuma Lahadi ta uku ta watan Nuwamba kowace shekara ita ce ranar tunawa da waɗanda hatsari ya rutsa da su. Ga Madarumfa lokacin ya yi daidai: an koma lakkwal, an gama girbi, kasuwanni sun cika, hanya ta yi yawan zirga-zirga. Daraktocin kwalejojin Madarumfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma suna iya keɓe makon da ke gaban wannan rana, kowane aji ya karanta labari guda bisa tuƙi da salula, a gayyato jandarma guda ko wakilin hukumar ANISER mai kula da tsaron hanya ya amsa tambayoyin yara da Hausa. Jimlolin da suka fi kyau a rubuta su manya-manya da harsunan uku, a ba shugabannin ƴan kabu-kabu su liƙa a tashoshinsu kafin ranar kasuwa.