Kada a Rufe Injin da Ba a Ga Cikinsa Ba



Da yawa a cikinmu muna da ɗa ko ƙane da ke koyon kanikanci a gareji, daga Kwanar Dangora har Tudun Wada. Akwai kuma gidajen da duk jarinsu tsohuwar a-kori-kura ce, Peugeot 504 da muke kira Fijo, mai kwaso masara daga ƙauyukan Doguwa zuwa kasuwa. Idan injinta ya fara hayaƙi, maganar da muka saba ji ita ce: "Oga, a sa ringi kawai, gobe ina da lodi." Mu dai ra'ayinmu shi ne, tsohon inji ba a yi masa gyaran tsakiya. A sauke shi, a kwance shi gaba ɗaya, a wanke, a auna, sannan a yi maganar kayan da za a saya.

Ku tuna shekarun motar nan. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kuma tun 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma haɗa motoci. Wadda ke ƙofar gidanmu yau tana iya girme wa direbanta. Ta ratsa hannun kanikawa da yawa, kowa ya bar abin da ya bari a ciki.

Kwancewar tana da ƙa'ida. Kafin a taɓa sifana, a dubi hayaƙi: shuɗi yana nuna injin na ƙona baƙin mai, fari mai kauri kuma ruwa ne ke shiga silinda. A tsiyaye baƙin man a duba. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Idan yana ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Kan injin 504 na alminiyam ne, gangar jikin kuwa baƙin ƙarfe, saboda haka sai injin ya huce sarai ake sassauta notukan kan, kaɗan-kaɗan, bi da bi. Wanda ya yi gaggawa zai lanƙwasa shi, sabon gasket kuma ba ya zama a kan abin da ya lanƙwashe. Silindojinsa huɗu hannayen riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su. Idan aka juya injin bayan an cire kan ba tare da an danne su ba, sai su ɗaga, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya saki. Kowane fistin a sa masa lamba, kowane murfin metal ya koma inda ya fito, yana fuskantar inda yake fuskanta. A auna kuranshaf, a buɗe famfon mai, a busa hanyoyin man da datti ya toshe.

Mun san abin da mai mota zai ce, kuma yana da hujja. Kwana biyar a gareji kwana biyar ne babu kuɗin cefane, kayan gyara kuma sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Amma mu lissafa ɗaya ɓangaren. Sabon ringi a cikin silindar da ta cinye ba ya daɗewa. Sabon metal a kan kuranshaf mai zane zai narke. Ranar da injin zai buga kuwa ba ya zaɓar wuri: yana iya zama tsakiyar dajin Falgore da magariba, da buhu ashirin a baya da yaron mota a sama. An biya sau biyu ke nan, ga rai a cikin haɗari. Gyaran gaggawa ba rahusa ba ne, bashi ne da ake biya da ruwa.

Ku masu koyon sana'a, ga inda amana take. Da zarar an ɗaure murfi, babu wanda ya san abin da ke ciki sai ku. Ku kira mai mota ya zo ya ga kayan a shimfiɗe a kan buhu, ku nuna masa wanda ya mutu da wanda zai ƙara aiki. Kada ku karɓi kuɗin sabo ku mayar da tsoho. Wanda aka cire, ku miƙa masa a hannu. Idan ba ku da abin awo, ku kai wurin mai shi, kada ku ce ido ya isa.

Ku kuma iyayenmu masu motoci, kada ku matsa wa yaron da ya gaya muku gaskiya ku koma wurin mai cewa "yanzu-yanzu". Ku biya ladan kwancewa da awo ko da ba a sayi komai ba tukuna, domin aiki ne. Ku kai motar tun damina, kafin masara ta bushe.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya kai kowa gida lafiya.