Anti Bilki ta rubuta, mu kuma muna ta turawa a guruf

1/ Hutun nan da na koma gida Funtuwa, Mama ta sa ni kwashe tarkacen ɗakin ajiya don za a zuba masara. Can ƙasan wani tsohon akwatin ƙarfe na ci karo da littattafanta. Gara ta cinye fiye da rabi. Wanda ya tsira da ɗan mutuncinsa shi ne Allura Cikin Ruwa, shi ma ba bango.

2/ Ga waɗanda ba su sani ba, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ce ta rubuta shi, wadda ake kira Anti Bilki. Tun shekarun 1990 sunanta ya fito. Wa Ya San Gobe? nata ne, Ki Yarda da Ni ma nata ne, har fim aka yi da shi. 'Yar garin nan ce fa. Na tambayi ƙawayena biyar, ɗaya ce kawai ta san ta.

3/ Mama ba ta gama sakandare ba aka yi mata aure, aka kai ta wani ƙauye ta wajen Malumfashi. Ta ce ranar kasuwa take ba ƙanin Baba kuɗi ya karɓo mata haya, ta karanta da fitilar ƙwai bayan kowa ya kwanta. "Ke, ba don littattafan nan ba, da tuni bokon ya gudu." A cikinsu ta ga mace ta yi aure kuma ta yi karatu mai zurfi. Da dangi suka ce sakandare ta ishe ni, ita ta tsaya kai da fata.

4/ Yadda harkar take a da: yawanci marubuci ne zai tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a a Kano, ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, su karɓa bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake raba labari na ɗaya, na biyu, na uku, cinikin wannan ya buga wancan. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma dai ko mai ba da haya sai ya saya.

5/ Yanzu fa? Na zaga shaguna a Funtuwa da Zariya ina neman sabon kwafi, ban samu ba. Na yi cigiya a WhatsApp, ko minti goma ba a yi ba aka turo mini wasu tsofaffin littattafai da aka sake bugawa a waya. Sunan mai tayifin a sama da manyan baƙaƙe, na marubuciyar sai ka lalubo. A YouTube ma ana karanta irinsu, talla na shigowa.

6/ Ni ma ban wanke kaina ba. Wayata cike take da su, sisi ban biya ba, alhali kullum ina sayen data.

7/ Na san za a ce "ai tallata su ake yi". To je ka Bakori ka ɗebi buhun masarar manomi ka rabar, ka ce masa talla ce, mu ga yadda za ku ƙare. Wasu kuma su ce na soyayya ne, ɓata tarbiyya suke. Da wannan hujjar aka ƙona wasu a Kano a 2007. Akwai na banza, ban musa ba, amma ni na ga abin da suka yi wa Mama.

8/ Magana Jari Ce tun 1937 yake, har yau ana samunsa, don yana da kamfani a Zariya da ke sake buga shi, makarantu kuma na saye. Littattafan iyayenmu mata ba su da wannan gatan. In kwafin akwati ya lalace, sai na guruf da ba a san me aka yanke aka ƙara ba.

9/ Na kai namu an yi masa bango, amma shafukan ƙarshe babu. Mama ce ta ƙarasa mini da ka tana tankaɗe. Don Allah mai cikakken kwafi na asali ya yi mini magana ta DM, saye zan yi.