A Auna Tafiyar Da Ƙafar Hajiya

Gab da hutun ƙarshen shekarar karatu da ya wuce, wani abokina da ke aikin banki a Abuja ya turo mini jadawalin tafiyar da ya shirya wa iyalinsa zuwa Zanzibar. Ba shawara yake nema ba, yabo yake jira. Su takwas ne za su tafi: shi da mai ɗakinsa, 'ya'yansu huɗu waɗanda autarsu ba ta cika shekara 3 ba, ƙanwarsa, sai mahaifiyarsa Hajiya, wadda ta haura 70 tana kuma fama da ciwon gwiwa. Kwana shida za su yi, a otal uku. Ranar da suka sauka za su zaga tsohon birni, da dare su je kasuwar abinci ta Forodhani. Washegari da safe su hau kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu kallon manyan kunkuru, da yamma su leƙa gonar kayan yaji. Rana ta uku su koma Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin. Rana ta huɗu su tashi kafin asuba zuwa Kizimkazi kallon kifin dolfin, alhali Kizimkazi tana can ƙarshen kudu, tafiyar fiye da awa biyu a mota. Haka jadawalin ya ci gaba har ranar komawa, kowace awa da abin da aka ɗora mata.

Na faɗa masa ra'ayina, bai ji daɗi ba, suka tafi. Da suka dawo na je yi wa Hajiya sannu da zuwa. Na tambaye ta yadda ta ga ƙasar, sai ta yi murmushi ta ce, “Ɗan nan, sun ce hutu muka je. Ni dai mota na gani.” Tun daga rana ta uku gwiwarta ta kumbura, ta ƙarasa kwanakin a ɗaki tare da autar, sauran suna can suna cika jadawali.

Abin da nake son faɗa a yau ba zai yi wa da yawa daga cikinmu daɗi ba, domin mu ne masu laifin: mu 'yan boko masu albashi, waɗanda Allah ya hore wa abin da za mu fitar da iyaye da 'ya'ya waje. Mun ɗauki ɗabi'ar ofis mun kai ta bakin teku. Muna shirya hutu kamar yadda muke shirya taron bita, mu cika shi da ayyuka, mu auna nasararsa da yawan wuraren da aka taka da hotunan da aka ɗora a WhatsApp da Instagram. Ni kuwa ina ganin tafiyar da ta haɗa kaka da jika ma'auninta ɗaya ne, wato ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin. Duk tsarin da ya gagari Hajiya da autar gida, to ya ɓaci tun a takarda, komai kyawun hotunan da za a dawo da su.

Hujjar da za a kawo

Na san amsar, domin abokina ya ba ni ita da zafi. Ya ce kuɗin jirgin mutum takwas ba wasa ba ne a wannan zamani da naira ta zube, ga biza, ga masauki, kuma mai yiwuwa ba za a sake samun damar ba. Ta yaya za a kashe wannan dukiya a je a zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa ana kallon ruwa?

Hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma a duba abin da ba zai maimaitu ba a tafiyar. Tsohon birnin Zanzibar yana nan tun kafin a haifi kakanninmu, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, kuma zai jira duk wanda ya so komawa. Kunkurun Changuu, wasunsu sun haura shekara 100 a duniya, ba sa sauri zuwa ko'ina. Abin da ba ya jira shi ne Hajiya tana da sauran ƙarfin taka rairayi, jikokinta kuma suna shekarun da za su zauna a gabanta su saurari labari. Wannan ne aka saya da tsada. Wanda ya raba su domin a kammala jerin wuraren kallo, garin neman gira ya rasa ido.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Sau da yawa mai biyan kuɗi shi ke tsara komai shi kaɗai, sauran kuma kunya ta hana su magana. Uwa Bahaushiya ba za ta dubi ɗan da ya kashe miliyoyi dominta ta ce ta gaji ba. Za ta ce “ba komai” har sai ƙafa ta ƙi takuwa. Matar gida kuwa, a irin wannan tafiya, aikinta na gida ne ya bi ta wata ƙasa: ita ce mai haɗa kaya duk lokacin da aka sauya otal, mai wanka da shirya yara huɗu kafin direba ya iso, mai tuna maganin suruka. Sauya masauki sau uku a kwana shida, a wurin maigida layi uku ne a jadawali. A wurinta kuwa kwashe akwatuna takwas ne da sake cika su har sau uku. Mafi muni shi ne gidan da ake ɗaukar kaka domin ta zama mai reno, a bar mata yara a ɗaki, a fita yawo, a dawo a ce an kai ta hutu.

Tsibirin da kansa yana koyar da haƙuri

Na ɗauki Zanzibar misali ne domin ta dace da iyali irin namu, kuma domin tana hukunta mai gaggawa. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ana jin kiran salla, abincin halal ba abin nema ba ne, kuma mace mai lulluɓi ba baƙuwar ido ba ce. Dattijuwa za ta ji kalmomin Suwahili da kunnenta ya sani ta hanyar Larabci, irin su dunia da Alhamisi da sabuni. Yaro a can yana gaida babba da shikamoo, babban ya amsa da marahaba. Shinkafar pilau da biriyani ba za su ba cikin Bahaushe mamaki ba. Kanumfarin da Hajiya ke sakawa a kunu da shayi, a can za ta ga bishiyarsa, domin tun ƙarni na 19, zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa tsibirin, aka san Zanzibar da Pemba da nomansa.

To amma wurin yana da sharuɗɗansa. Lungunan tsohon birni ƙunci gare su, mota ba ta shiga yawancinsu, sai a ƙafa. Da yawa daga masaukansa tsoffin gidajen attajirai ne masu matakala tsaye, babu lif. Wanda ya kama ɗaki a hawa na uku saboda kyan hoto bai tuna da gwiwar mahaifiyarsa ba. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye teku kan yi nisa ƙwarai, sai an jira sa'o'i kafin ya dawo, don haka lokacin wankan yara ba ya bin agogon kowa. A Nungwi da Kendwa janyewar ba ta kai haka ba, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, amma daga birni zuwa can tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. Hawa kwale-kwale sau da yawa sai an taka cikin ruwa, jirgin yana rawa. Matashi ba zai lura da wannan ba, mai shekara 70 kuwa shi ne dukan labarin ranarta.

Lokacin ma sai an zaɓa. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa, akwai kuma ɗan gajeren damina wajen Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun rani mai sauƙin zafi, kuma ya yi daidai da dogon hutun makarantun Najeriya. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, tafiyar kuma galibi sai an ya da zango a Adis Ababa ko Nairobi. Iyalin da suka kwana a hanya ba su da abin yi ranar sauka da ya wuce wanka da salla da barci.

Inda ya kamata ƙwazon ya tafi

Kada a fahimce ni a kan cewa ina kiran a tafi babu shiri. Tafiya mai natsuwa ta fi cikakken jadawali buƙatar shiri, sai dai shirin a gida ake yin sa. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri ya jira amincewa, don haka ba a sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. A duba fasfon kowa, har na jariri, a tabbatar yana da sauran aƙalla wata shida. Tun daga Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tasu ta gida, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata.

Wanda ya fito daga Najeriya za a nemi katinsa na rigakafin cutar shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Amma ga inda iyali mai kaka da jika ya bambanta: ba a saba yi wa jaririn da bai kai wata tara ba, wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba sai likita ya auna lafiyarsa tukuna. Wannan magana ce ta makonni kafin tafiya. Haka batun zazzaɓin cizon sauro, wanda ya ragu sosai a tsibirin amma bai ƙare ba. Maganin hawan jini da na ciwon suga a jakar hannu suke tafiya, da ƙarin na wasu kwanaki, tare da takardar likita. A nemi kamfanin jirgi ya tanadi keken tura dattijai aƙalla kwana biyu kafin tashi, domin filin jirgin da ake sauya jirgi yana da doguwar tafiya, kuma Hajiya ba za ta roƙa da bakinta ba.

Bayan wannan, tsarin kwanakin ba shi da wuya. Masauki ɗaya, ɗakunan ƙasa, kusa da juna, da wurin da za a iya dafa ruwan zafi a dama kunu, kuma a san asibiti mafi kusa tun ranar farko. Fita ɗaya a rana, da safe kafin rana ta take, a dawo kafin azahar. Bayan kowace ranar fita, ranar da ba a zuwa ko'ina. Idan matasa suna son dajin Jozani da jajayen biransa, ko kifin dolfin da asuba, su tafi, ba dole sai an ɗauki kowa ba. Sharaɗin kawai shi ne kada zaman gida ya faɗa kan mutum ɗaya kullum. Maigida ma ya karɓi nasa kason na zama da autar, matarsa ta fita ta sha iska. Kafin a sayi tikiti kuma a tambayi kowa abu ɗaya da yake so, a tambayi Hajiya ta bakin wanda ba ta jin nauyinsa, 'yarta ko babbar jikarta. Za a yi mamakin ƙanƙantar abin da za ta nema. Da aka tambayi mahaifiyar abokina bayan an dawo, cewa ta yi da ma an bar ta ta zauna bakin ruwa bayan la'asar, ta ga faɗuwar rana tare da yaran.

Wani zai ce ai yara za su gaji da zama. Wanda ya taɓa ganin ɗan shekara 6 da ya tashi a Kano ko Zariya ya fara arba da teku ya san ba haka ba ne. Rairayi da bokiti sun ishe shi mako guda. Babba ne ke gajiya da zama, domin ya manta yadda ake yin sa, kuma yana tsoron ya koma ofis a tambaye shi inda ya je ya rasa dogon jerin da zai lissafa. Wannan tsoron namu ne, bai kamata tsohuwa ta biya shi da gwiwarta ba.

Mutanen Zanzibar suna da kalmar da baƙo zai ji sau goma a yini, pole pole, wato sannu sannu. Mu ma muna da tamu tun tuni, cewa sannu ba ta hana zuwa. Abokina ya fara maganar tafiya ta gaba, ya kuma sake turo mini jadawali. Wannan karon na mayar masa da shi bayan na goge rabinsa, na ce ya kai wa Hajiya ragowar ta goge abin da ta ga dama.