Ra'ayinmu: Masu Ciwon Suga, A Duba Wuya

Kowa ya san zafin Garwa a watan Afrilu. Amma a kasuwanninmu, daga Pitowa har Mubi, akwai masu ciwon suga da ke jin sanyi a wannan lokaci, ga kasala, ga maƙarƙashiya, ga ƙiba, suna ɗora laifin a kan sugan ko wahalar hanya.

Ba kullum ba ne haka. Likitoci sun gano cewa raunin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ya fi samun masu suga, musamman mata. In ba a gano shi ba, kitse kan taru a jini, zuciya ta wahala, awon suga ya rikice ko da ana shan magani.

Gwajin jini ɗaya ne, sunansa TSH. Muna kira ga 'yan kasuwa su nemi a yi musu shi a asibiti, su bar sayen ƙwayoyi a tebur. Ku kuwa masu sayar da gishiri, tun 1991 Kamaru ta wajabta sa masa aidin, domin rashinsa na kawo maƙoƙo. Ku daina barin buhu a buɗe cikin rana, aidin ɗin gudu yake yi.