Ɗanka na karatu a Ingila? Kada ka ce masa ya kulle kansa a ɗaki



Idan kana da ɗa ko 'ya da ke karatu a Ingila, wataƙila nasihar da ka fi maimaita masa a waya ita ce: "Daga aji sai ɗaki, ban da yawo." Tsoro ne na uba, kuma yana da dalili. Sai dai a ƙasar da yake, zaman ɗaki na iya zame masa ciwo, musamman a lokacin sanyi.

A nan gida rana tana yin kusan awa 12 a sama duk shekara. A Landan kuwa, cikin watan Disamba, hasken rana ba ya kai awa 8, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba. Ɗalibi zai fita da safe gari bai gama wayewa ba, ya shiga aji ko ɗakin karatu, ya fito ya tarar da duhu. Azahar, la'asar da magariba duk suna zuwa masa a jere cikin 'yan awoyi. Idan kuma yana aiki bayan darasi, kamar yadda dokar biza ta ba masu karatun digiri damar yin awa 20 a mako lokacin zangon karatu, sai mako ya wuce bai ga rana da idonsa ba.

Jiki yana samar da bitamin D ne idan rana ta taɓa fata. Daga Oktoba zuwa Maris, ranar Ingila ba ta da ƙarfin yin wannan aiki, shi ya sa hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ke shawartar kowa ya riƙa shan maikrogiram 10 a kullum a waɗannan watanni. Masu baƙar fata da masu suturar da ke rufe yawancin jiki an ce su sha duk shekara, wato 'ya'yanmu ke nan, musamman mata masu hijabi. Ƙarancinsa kan zo da kasala da ciwon ƙashi da tsoka. Ƙwayar tana da araha, ana sayar da ita a kantuna ba sai da takardar likita ba. Kifi mai maiƙo kamar sadin da gwaiduwar ƙwai su ma suna taimakawa.

Duhun kan taɓa zuciya ma. Akwai damuwar da ke zuwa da lokacin sanyi: yawan barci, rashin kuzari, kwaɗayin kayan zaƙi da ƙin shiga mutane. Idan ta haɗu da kewar gida, yaron da ka sani da fara'a sai ya koma amsa maka da "lafiya lau" kawai. Kada ka ɗauke shi lalaci ko raunin imani.

Don haka fita magani ce a wurinsa, kuma ba sai ta ci kuɗi ba. Tafiyar rabin awa da tsakar rana a lambun shaƙatawa na unguwa kyauta ce, kuma hasken yana gyara barci da yanayin zuciya. Manyan gidajen tarihi na gwamnati, irin su Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, ba a biyan kuɗin shiga. Yawancin jami'o'i suna da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta 'yan Najeriya, inda zai sami abokan zuwa Juma'a da na buɗe-baki. Zuwa Peckham sayen garin tuwo, manja da busasshen kifi ma fita ce, kuma zai dawo ya dafa abincin da ya saba maimakon taliyar leda kullum. Katin rangwamen jirgin ƙasa na ɗalibai yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti idan zai ziyarci 'yan uwa a wani gari.

Ka kuma tabbatar ya yi rajista da likitan unguwa tun yana da lafiya. Ai an riga an biya kuɗin kula da lafiya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibai tun 2024. Idan bai kai shekara 25 ba, ya nemi allurar rigakafin sanƙarau da ake yi wa sababbin ɗalibai. Ya ajiye lamba 111 don neman shawarar lafiya, 999 kuma don gaggawa.

In ka kira shi a makon nan, bayan tambayar karatu, tambaye shi me ya ci yau, ina ya je ranar Asabar, da wa ya je. Ka san sunayen abokansa biyu ko uku. Idan ka ga makonni sun wuce yana ƙin fita, barcinsa da cin abincinsa sun canza, ka lallashe shi ya ga likita ko ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arsa, kada a jira hutu.

Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.